Wankan Jego da Tabon Fuska: Tarihin Gyaran Fatar Maijego a Ƙasar Hausa

Ciki yakan sauya launin fatar mace tun kafin ya fito fili. Kan nono da kewayensa sukan ƙara duhu, haka wuya da hammata da matsematsi, sannan wani baƙin layi ya miƙe daga mara zuwa cibiya, wani lokaci har ya wuce ta. Kusan tara cikin goma na masu ciki suna ganin wani abu daga cikin waɗannan. Wanda ya fi tsaya wa mata a rai shi ne na fuska: wani duhu mai faɗi da yake shimfiɗuwa a kumatu biyu daidai wa daida, ya hau goshi da karan hanci da saman leɓe. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya tasowa sama da fata. Likitocin zamani suna kiransa melasma, littattafan likitancin Larabci suna ce masa kalaf, a cikin gida kuwa cewa ake yi ciki ya sa ta dafe.

A ƙasan fatar sama akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne samar da melanin, sinadarin da yake ba fata launinta, yake kuma kare ta daga ƙunar rana. Idan ciki ya shiga, sinadaran istirojin da projestaron sukan yawaita a jini, su zaburar da waɗannan ƙwayoyi su yi aiki fiye da kima. Rana ce take ƙara rura abin, shi ya sa ya fi kama wuraren da suka fi fuskantarta, ya kuma fi yawa a cikin mata masu duhun fata da suke zaune a ƙasashe masu zafi. Gado ma yana da hannu, domin sau da yawa akan iske uwa ko yaya ta yi irinsa. Bayan haihuwa sinadaran sukan sauka, duhun ya riƙa ja da baya a hankali. A wurin yawancin mata yakan dusashe cikin shekara guda, a wurin wasu kuma ya zauna shekaru. A kan wannan ne duk tarihin maganin tabon jego ya ginu: tabo ne da yake tafiya da kansa a mafi yawan lokuta, saboda haka duk abin da aka shafa a watannin da yake kan tafiya, shi ne yake karɓar yabo.

Damuwa da wannan tabo tsohuwa ce. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, cewa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai jinin haihuwa takan zauna kwana arba'in, kuma matan sukan shafe fuskokinsu da warsi saboda kalaf. Warsi gari ne mai launin rawaya da ake samu daga wani tsiro na ƙasar Yaman, ana kuma rina tufafi da shi. A ruwaya ɗaya aka haɗa abubuwa biyu da suka zama ginshiƙan jego a ƙasashen Musulmi da yawa, wato zaman arba'in da shafa wa fuska wani abu mai launin rawaya. Ibn Sina ya ware wa sha'anin kwalliya da gyaran fata wani sashe a juzu'i na huɗu na littafinsa Ƙanun, kalaf yana cikin abubuwan da ya yi bayani. Abin lura shi ne, mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ta sa iyakar jinin biƙi kwana sittin ne, kamar yadda yake a Risala, amma lissafin da ya kafu a al'ada shi ne arba'in.

Wankan jego, a asalinsa, ba don fata aka kafa shi ba. Abokin gabansa sanyi ne. A fahimtar magabata, macen da ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, kamar tukunyar da aka gina ba a kai ta wuta ba, kuma idan sanyi ya sami hanya ya shiga, zai kawo kumburi da ciwon gaɓoɓi da ciwon mara da warin jiki, ya bi ta har tsufa. Maganin ɗanye shi ne gashi. Don haka ake cewa a gasa mata jiki, kuma idan ta fito arba'in fes da ita, yabon da ake yi wa uwarta ko kakarta shi ne, lallai yarinyar nan ta gasu. Kyan fata yana cikin shaidun da ake dubawa. Maijegon da ta fito fuska a dafe, jiki a yamushe, akan ce an yi mata ha'incin wanka, ko ita ce mai gudun ruwan zafi.

Tun kafin asuba ake hura wuta a ɗora babbar tukunya, wadda daga baya garwa da rabin duro suka maye gurbinta. Itacen wankan a wuyan miji yake, kuma tulin da angon ƙarni ya sauke a ƙofar gida yana cikin abin da dangin mace suke auna shi da shi. Idan ruwa ya tafasa sai a juye a kai bayan ɗaki. Maijego ta zauna a 'yar kujera, ungozoma ko wata tsohuwa ta gida ta ɗauki damin ganye ta tsoma a ruwan, ta ɗaga ta karkaɗe, ta fyaɗa mata a baya da kafaɗu da ciki da cinyoyi, tana yi tana danna mara da gindin damin. Tururi ya rufe wurin har ba a ganin fuskar mai wankan. Da la'asar a sake. Bayan kwanakin farko, idan hannunta ya faɗa, ita take yi da kanta, tsohuwar tana daga waje tana sauraron ƙarar ganye don ta tabbatar ba a surka ruwan ba. A ƙauyukan Zazzau da wasu wurare akan ƙara da gadon ƙasa wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ta kwanta a kai ɗakin a rufe. Haihuwar fari, wadda akan yi a gidan iyaye, wankanta yakan zarce arba'in har ya kai wata uku ko huɗu.

Bayanin wannan al'ada daga bakin mace yana cikin labarin Baba ta Karo, wanda ta ba Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi, ya yi bayanin matsayin sanyi a tunanin Bahaushe game da cuta a littafinsa na 1988. Ganyen da ake wankan da shi kuwa yana nuna cewa al'adar ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Tsofaffin ganyayen su ne irin su runhu da tsamiya da sabara. Yau da yawa idan aka ce ganyen wanka, darbejiya ce take zuwa musu a rai, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina ko bedi, alhali kuwa itaciyar baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. A 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga nan ta bazu a garuruwan Arewa a matsayin itacen inuwa. Cikin zamani biyu ta shige tsakiyar al'adar har ana ɗaukarta gadon kaka da kakanni.

Gashin ciki kuma abinci ne yake yin sa. Akwai ƙauri, wato ƙafafun sa da akan dafa da kayan yaji a kwanakin farko a raba wa dangi da maƙwabta, akwai gasasshen nama, akwai yajin jego na barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba, sannan kunun kanwa, wanda ake cewa yana wanke ciki ya kawo ruwan nono. Kanwar daga gabas take zuwa, daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga, kuma fataucinta babbar sana'a ce tun kafin zuwan Turawa. Heinrich Barth, da ya ratsa ƙasar a 1851, ya ga Gumel a matsayin babbar kasuwarta, ya kuma ga yadda take bi ta Kano a kan shanu da jakuna zuwa ƙasar Nufe.

Abin da ake shafa wa fatar kai tsaye bai da yawa, kuma kusan duk mai ne. Bayan wanka akan mulke jiki da man kaɗanya ko man shanu ko man gyaɗa ko alayyadi, a cuɗa da sabulun salo wanda ake yi da toka da mai. Lalle yana zuwa gab da suna, a hannu da ƙafa, wasu kuma su kwaɓa shi da ruwa-ruwa su murje jiki. Kwalli a ido, shuni a kitso, katambiri don zanen fuska, goro da furen taba don jan haƙori. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake isa inda melanin yake taruwa. Mai yana hana fata bushewa bayan ruwan zafi, yana sa ta sheƙi, kuma fata mai sheƙi tabonta bai cika fitowa ba. Amma abin da ya fi yi wa fuskar maijego aiki shi ne wanda ba a lissafa shi cikin magani: kwana arba'in a inuwa. Macen da ta saba wuni a gona ko a rijiya ko a bakin murhu sai ga ta a ɗaki, an ɗauke mata daka da girki da ɗiban ruwa, ana ciyar da ita nama, a daidai makonnin da sinadaran ciki suke sauka daga jininta. Da likitan fata na yau zai tsara wa tabon ciki magani na farko, ba zai wuce wannan da yawa ba. Tsofaffi sun ga sakamakon da idonsu, sun kuma yi gaskiya da suka ce jego mai kyau yana gyara mace. Inda suka ɗora yabon ne kawai ya karkata ga tafasasshen ruwa.

Shi kuwa ruwan yana da tasa ɓarnar. Likitocin tiyata a Zariya sun rubuta rahotanni a kan matan da aka kawo da ƙuna a baya da ɗuwawu da al'aura daga wankan jego, kuma ƙuna a baƙar fata takan warke ta bar tabo, ko baƙi ƙirin ko fari, wanda ya fi na ciki daɗewa. Yawan kwanciya a kan zafi yakan bar wani zane mai kama da raga a fata, zafin kansa kuma yana cikin abubuwan da suke tayar da melasma. Batun da ya fi jan hankalin duniya shi ne na zuciya. A 1978 Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, kusan dukkansu Hausawa da Fulani. Sun ƙiyasta cewa a birnin Zariya abin yana samun mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, ya fi yawa da damina, suka kuma danganta shi da gishirin da yake cikin kanwa da zafin wanka da na gado. Wannan bayani ya zauna a littattafan likitanci shekaru da dama. Binciken da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda aka buga a 2020, ya tabbatar cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, amma bai sami hujjar ɗora ta a kan wanka da kunu ba. Ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki, wani aikinsa na baya kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka likitoci suna hana mai hawan jini ko kumburi shan kanwa, domin gishiri ne.

Gyaran jiki a matsayin sana'a mai zaman kanta daga gabas ya shigo. Hanyar Hajji ta ƙasa ta bi ta Borno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, kuma dubban mutanen ƙasar Hausa sun zauna a Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da hijira har suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. A Sudan matar aure tana da dukhan, wato zama a kan rami mai hayaƙin itacen ƙamshi an lulluɓe ta da bargo, tana da dilka, curin gari da kayan ƙamshi da ake murje jiki da shi, tana da halawa ta sukari da lemun tsami mai cire gashi, kuma fitar arba'in na cikin manyan lokutan yin su. Matan Shuwa da Barebari ne suka yi fice da wannan ilimi a Najeriya, har yau kuma mai gyaran jiki a Kano ko Kaduna takan yi tallar kanta da cewa hannun Maiduguri gare ta. Da kurkum ya shiga cikin haɗin, sai aka dawo kusa da warsin matan Madina: rawaya ce take hawa fata ta lulluɓe duhu na 'yan kwanaki. Dilka tana cire matacciyar fatar sama ta bar jiki da santsi. Idan aka matsa murza a kan tabon fuska kuwa ƙara shi take yi, domin baƙar fata duhu take mayarwa ga duk abin da ya fusata ta. Haka ruwan lemun tsami idan aka shafa aka shiga rana, yana iya ƙona wurin ya bar sabon tabo.

Duk waɗannan gyara ne, ba su taɓa launin da aka haifi mace da shi. Abin da ya sauya lissafi shi ne zuwan sinadaran da suke iya hana fata yin melanin. Na farko zaiba ce, wadda ake kira makuri, da aka daɗe ana zubawa a man goge tabon fuska a Turai da Amurka. Na biyu an gano shi ne ta hanyar haɗari. A 1939 aka lura ma'aikatan wata majema a jihar Illinois ta Amurka hannayensu suna yin fari dabbare-dabbare, bincike ya kai ga wani sinadari dangin haidirokwinon da yake cikin safar robar da suke sawa. Daga shekarun 1950 haidirokwinon ya shiga man shafawa, Afirka ta Kudu ta zama babbar kasuwarsa, mujallu irin su Drum suka yaɗa tallarsa har Afirka ta Yamma. Kafin 1976 shafe-shafe ya yi yawa a Legas har Fela Kuti ya yi masa waƙa mai suna Yellow Fever. Na ukun su ne magungunan sitiroyid masu ƙarfi, irin su kulobetasol, waɗanda aka yi don cututtukan fata masu tsanani, amma aka gano suna kwashe launi cikin kwanaki.

Adadin da aka fi ambata a kan Najeriya shi ne na wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan ƙasar suna amfani da man ƙara haske. Ya dace a san cewa adadin ya yi daidai da na wani bincike na 2002 da aka yi a kan 'yan kasuwa 450 a Legas, ba ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba ce. Amma wanda ya shiga layin masu kayan shafa a kasuwar Sabon Gari ta Kano ba ya bukatar ƙidaya kafin ya san girman abin. A ƙasar Hausa man ya iske ƙasa a share. Akwai tsohon son farar mace, wanda ya bar maganar nan ta fara ko mayya, ko da yake harshen yana da yabo ga baƙa mai sheƙi da mai wankan tarwaɗa. Akwai kuma ranaku biyu da al'ada ta sa ido a kan maijego: ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, da ranar komawa ɗakin miji bayan arba'in, wani lokaci gidan da kishiya take. Da suna ya zama taron hoto da bidiyo da sauya kaya sau uku, sai kwana bakwai ya zama wa'adin da ake so fuska ta washe, alhali tabon ciki watanni yake bukata. Babu abin da zai cika wannan wa'adi sai sitiroyid da zaiba.

Nan sana'ar haɗi ta samo kasuwa. Mai shago yakan buɗe babbar robar man shafawa, ya matse 'yan bututu biyu ko uku a ciki, ya tsiyaya wani mai daga ƙaramar kwalba, ya juya da cokali ya rufe, babu takarda babu awo. Daga baya sana'ar ta koma Instagram da WhatsApp, ana sayar da haɗin da sunan na gargajiya ne zalla ko na 'ya'yan itatuwa, har da kunshi na musamman na masu jego. Da yawa daga masu saye ba farin suke nema ba, tabon kumatu kawai suke so ya tafi. Makonni biyun farko fuska takan yi haske har a yi ta tambayar mace sirrinta. Idan ta daina, duhun ya dawo fiye da da, sai ta koma. A hankali fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi su bar sauran hannu, nankarwa mai faɗi ta tsage hammata da cinya. Sitiroyid yana ratsa fata ya shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon sukari, yana kuma hana rauni haɗewa, abin da yake da muhimmanci ga wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri. A Dakar, wani bincike da aka buga a 2007 ya iske kusan kashi biyu cikin uku na masu cikin da aka duba suna shafe-shafe, kuma masu amfani da sitiroyid mai ƙarfi sun fi haifar jarirai marasa nauyi. Zaiba kuwa tun 1972 likitoci a Nairobi suka danganta ta da ciwon ƙoda a cikin 'yan mata masu shafa ta. Tana ratsa mahaifa, tana fita a nono, tana kuma manne wa tawul da zanen gado, ga jariri kullum fuskarsa a jikin uwa.

Haidirokwinon ma yana da nasa ƙarshen. A 1975 George Findlay da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka bayyana cutar okronosis: bayan shekaru ana shafawa ana shiga rana, kumatu sukan yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan gudaji, a daidai wurin da tabon ciki yake fitowa, kuma wannan ba ya jin magani. Mace takan ɗauka tsohon tabon ne ya dawo ta ƙara mai. Afirka ta Kudu ta hana shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai a 2001, Kodebuwa ta kafa dokarta a 2015, Gana ta biyo baya, Ruwanda ta shiga kwashe kayan daga kasuwanni a 2018. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa wa zaiba iyaka a kayan shafa a duniya. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, ta taƙaita haidirokwinon zuwa kashi 2 cikin ɗari, a 2023 kuma ta ayyana shafe-shafe a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Dokar tana iya kama kwalin da aka shigo da shi ta tashar ruwa. Robar da aka haɗa a bayan shago ta fi ƙarfin sa ido.

Likitancin fata ya bi tasa hanyar da waɗannan sinadarai, da awo da wa'adi. A 1975 Albert Kligman da Isaac Willis suka fito da haɗin abubuwa uku, haidirokwinon da tiretinoyin da sitiroyid mai sauƙi, wanda har yau irinsa ne mafi ƙarfin maganin melasma. Ana ba da shi na 'yan watanni ne, a kan tabon kaɗai, a ƙarƙashin kulawar likita, ba a ba mai ciki, ana kuma jinkirta shi ga mai shayarwa. Abin da aka fi amincewa da shi a lokacin ciki da goyo shi ne sinadarin azelayik, wanda Marcella Nazzaro-Porro da abokan aikinta a birnin Rum suka kai gare shi a shekarun 1970 suna binciken dalilin da ya sa ƙyasbi yake barin fari-fari a fata. Bitamin C da nayasinamaid na shafawa suna taimakawa kaɗan. Akwai kuma ƙwayar taranekzamik, wadda Utako Okamoto da mijinta suka samar a Japan a 1962 don tsayar da zubar jini, wadda kuma babban gwajin da aka buga a 2017 a kan mata sama da 20,000, da yawansu a asibitocin Najeriya, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jinin haihuwa. Tun 1979 aka lura tana rage melasma, amma tana da haɗarin daskarar da jini a jijiya, kuma makonni shida na bayan haihuwa su ne lokacin da wannan haɗari ya fi yawa, don haka ba maganin ɗanyen jego ba ce. Na'urar leza da sinadaran saɓule fata suna bukatar gwani, domin a baƙar fata sukan bar tabon da ya fi na farko.

Ginshiƙin duka shi ne kare fuska daga rana. A Kasabalanka ta Maroko an ba masu ciki 200 man kariyar rana mai ƙarfi su riƙa shafawa kullum, rahoton 2007 ya nuna ƙasa da kashi 3 cikin ɗari ne suka yi sabon tabo, alhali wani bincike na baya a wurin ya sami fiye da rabi. Ga mai duhun fata, hasken da ido yake gani ma yana tayar da tabon, shi ya sa man kariya mai launin ƙasa ya fi fari aiki. Hijabi da mayafi suna rufe wuya da kunne amma suna barin kumatu da goshi a fili, laima da inuwa da kauce wa ranar tsaka ne suke cike wannan giɓi.

Sauran sauye-sauyen ba su da dogon labari. Layin ciki da duhun wuya sukan tafi cikin watanni, sai dai wuyan da ya yi kauri da laushi kamar karan-miski ya ƙi washewa yana iya zama alamar sukari, a gwada jini. Gashi yakan zube wajen wata uku da haihuwa ya dawo kafin shekara. Nankarwa takan fara da duhu ta koma fari-fari ta lafa, ba ta ɓacewa gaba ɗaya, kuma gwaje-gwajen da aka yi da man koko da man zaitun ba su nuna suna hana ta fitowa ba.

A birane wankan jego ya ragu ƙwarai. Da yawa suna yin sa da ruwa mai ɗumi, sau ɗaya a rana, mako biyu ko uku, ma'aikaciya kuma hutun haihuwarta ne yake yanke mata kwanakin zaman ɗaki. A karkara yana nan da ƙarfinsa. Abin da ya rage wa fata lokacin hutawa a ko'ina shi ne kusancin haihuwa. A da shayarwa takan kai shekara biyu, ana kuma jin kunyar kwanika. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, kuma melasma takan dawo da kowane ciki, sau da yawa ta fi ta baya duhu idan ta farko ba ta gama tafiya ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu istirojin su ma suna tayar da ita, abin da aka sani tun shekarun 1960, don haka macen da ta taɓa yin tabon ciki akan duba mata wata hanyar tazarar da ba ta ɗauke da wannan sinadari.